Ra'ayinmu: Da wane mudu 'yan kasuwar Diffa za su auna matashi marar jam'iyya?

Duk wanda ke zama a rumfunan kasuwar Diffa, ko a tashar motocin Maine-Soroa da N'Guigmi, ya san cewa hirar siyasa ba ta mutu ba, ko da yake ofisoshin jam'iyyu a rufe suke. Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin magadan gari. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun baki ɗaya, aka tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar, wanda ake iya sauyawa gwargwadon halin tsaro. To amma komai nisan dare gari zai waye, kuma ranar da za a sake kafa akwatin zaɓe tana nan tafe.

A wannan rana, samari da yawa za su shigo kasuwa da magana guda biyu a bakinsu. Ta farko: ni matashi ne, tsofaffi sun gaza. Ta biyu: ni ba ni da jam'iyya, ɗan takara ne mai zaman kansa. Mu a wannan jarida muna maraba da su, domin ƙasar da rabin mutanenta ba su wuce shekara goma sha biyar ba, ba ta yiwuwa a ci gaba da yi mata shawara ba da matasa ba. Amma muna so mu faɗa wa 'yan kasuwa da iyayenmu mata tun yanzu cewa ƙuruciya ba takardar shaidar kirki ba ce, rashin jam'iyya ma haka. Ku da kuka ƙware wajen awo, kuna buƙatar mudun da za ku auna mai neman ƙuri'arku, kuma gara a tanade shi tun kafin ranar kasuwa.

Dalilin da ya sa maganar ta fi muhimmanci a Diffa bisa ko'ina ba ɓoyayye ba ne. Arzikin wannan jiha a kan abu uku ya dogara: tattasan da ake nomawa a gaɓar Kumadugu, daga Chetimari zuwa Gueskerou har Bosso, da bandar kifin tafkin Chadi, da dabbobi. Kafin rikici, ana ƙiyasta tattasan da kwarin ke bayarwa da wajen tan 10,000 a shekara, akasarinsa Najeriya yake tsallakawa, shi ya sa ma naira ta zama kuɗin ciniki a kasuwanninmu kafaɗa da kafaɗa da sefa. Ranar 6 ga watan Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka bam ya tashi a kasuwa cikin gari, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, 'yan kabu-kabu suka rasa abin yi dare ɗaya. Aka hana fataucin tattasai da kifi, aka taƙaita sayen taki da man injin ban-ruwa, aka rufe wasu kasuwannin ƙauye. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashe mutanen tsibirran tafki, da yawansu a ƙafa suka iso N'Guigmi da Bosso. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kifi kuwa sai Maris na 2019. Kafin mutane su farfaɗo, Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, sannan Kumadugu ta cika ta batse a watan Oktoba, ta cinye gonaki da gidaje.

Ba mu ce hukuma ba ta da hujja ba. Masu ɗauke da makamai suna karɓar haraji a kan kifi da tattasai, kuma wajibi ne a toshe musu hanyar kuɗi. Abin da muke tambaya shi ne: da aka zo yanke shawarar, wa ya zauna a teburin da sunan matar da ke sayar da tattasai mudu-mudu, wadda jarinta bai kai jaka hamsin ba? Wa ya lissafa bashin manomin da ya ci taki a kan zai biya bayan girbi? Akwai waɗanda suka yi magana, kuma sun ga sakamakonta. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda ba ɗan majalisa ba ne, an tsare shi na wasu kwanaki a watan Mayun 2015 bayan ya soki yadda aka kwashe mutanen tsibirrai. Amma muryar kasuwa ba ta yi ƙarfin da ya kamata ba a inda ake yanke hukunci, mai nisan kilomita fiye da 1,300 daga nan.

Ba wai Diffa ta rasa manyan 'ya'ya ba ne. Marigayi Tandja Mamadou, haifaffen Maine-Soroa, ya mulki ƙasar nan daga 1999 zuwa 2010. Mohamed Bazoum, wanda aka rantsar a 2021, shi ma a wannan jiha aka haife shi. Samun ɗa a fadar shugaban ƙasa abin alfahari ne, amma ba shi ne samun wakili a ƙofar kasuwa ba. Tsarin zaɓen da muka saba da shi ma bai taimaka ba, domin jerin sunaye ake zaɓa, tambarin jam'iyya ake dangwalawa, kuma wanda zai hau saman jerin, shugabannin jam'iyya ne ke da ta cewa a kansa. Duk wanda ya san daga Yamai kujerarsa ta fito, to can zai riƙa waiwaya kafin ya buɗe baki. Wannan ne ya sa zancen ɗan takara mai zaman kansa ke da daɗin ji a kunnen talaka.

Domin a san yadda na gaskiyar yake, bari mu kawo labarin wani mutum daga ƙasar Ayalan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila, wadda ta shahara da zaɓen 'yan majalisa marasa jam'iyya. Mun zaɓe shi ne saboda rayuwarsa ta haɗu da ta mata masu kasa kaya a bakin titi, irin waɗanda ke karanta wannan shafi ko ake karanta musu.

Sunansa Tony Gregory. An haife shi a 1947 a wata unguwar talakawa da ke tsakiyar Dablin, babban birnin ƙasar, mahaifinsa ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa. Ya yi karatu ya zama malamin makarantar sakandare. Da farko ya shiga jam'iyyun masu ra'ayin sauyi, daga baya ya fita, ya koma aikin unguwa tare da masu haya da marasa aiki, a daidai lokacin da gidajen unguwar ke rushewa kuma ayyukan tashar ke ƙarewa. A 1979, yana da shekara 31, mutanen unguwa suka zaɓe shi kansila a majalisar birni ba tare da jam'iyya ba. A watan Fabrairun 1982, yana da shekara 34, suka tura shi majalisar dokokin ƙasa.

A wannan zaɓe babu jam'iyyar da ta samu rinjaye. Majalisar kujera 166 gare ta, jam'iyyar Charles Haughey ta samu 81, don haka tana buƙatar ƙarin ƙuri'u kafin ta kafa gwamnati. Sai ga manyan ƙasa suna neman wannan matashi. A nan ne za a gane halin mutum, domin da ya so, da ya nemi muƙami ko wani abin da zai shiga aljihunsa. Shi kuwa sai ya fito da jerin buƙatun unguwarsa, wanda shi da abokan aikinsa suka daɗe suna tattarawa. Haughey da kansa ya taka zuwa ɗan ƙaramin ofishinsu, aka yi ciniki, aka rubuta yarjejeniya, aka sa hannu a gaban shaida, wani shugaban ƙungiyar ƙwadago. Cikin abin da aka rubuta akwai gina gidaje 440 a mazaɓarsa da wasu 1,600 a sauran birnin, da ɗaukar mutum 500 aiki a tsakiyar gari, da ƙarin taimako ga makarantun unguwannin talakawa. Ranar da majalisa ta zauna zaɓen firaminista, Gregory ya bayyana abin da aka ƙulla a gaban kowa, sannan ya ba da ƙuri'arsa.

Amma abin da ya fi shafar masu karatunmu ya zo ne daga baya. A tsakiyar Dablin akwai mata da suka gaji talla daga iyayensu, suna sayar da 'ya'yan itace da ƙananan kaya a titunan Moore da Henry, wasu a cikin keken tura jarirai. Masu manyan kantuna suka matsa a kore su, 'yan sanda suka shiga kama su da kwashe musu kaya saboda ba su da lasisi. Gregory, yana ɗan majalisar ƙasa, ya shiga cikinsu a zanga-zangar zaman dirshan a kan titi, aka kama shi. Kotu ta ce ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake ba, ya ƙi, a 1986 aka kai shi gidan yarin Mountjoy. Haka kuma ya tsaya a kan dillalan ƙwaya da suka lalata samarin unguwarsa, yana cikin waɗanda suka daɗe suna neman a riƙa ƙwace dukiyarsu, har aka kafa hukumar yin haka a 1996. Tun da ya shiga majalisar dokoki, mutanensa ba su taɓa kayar da shi ba. Yana kan kujerar har ya rasu ranar 2 ga watan Janairun 2009, yana da shekara 61, kuma abokiyar aikinsa Maureen O'Sullivan ce ta gaji kujerar, ita ma ba da jam'iyya ba.

Kada a ɗauka labarin duk zuma ne. Gwamnatin da ya mara wa baya ba ta kai shekara ba, ta faɗi a watan Nuwamban 1982, wani sashe na alkawuran ya tafi da ita. Masu suka sun ce bai dace mutum ɗaya ya yi amfani da ƙuri'arsa ya ja wa mazaɓarsa kaso mai tsoka ba alhali wasu wuraren ma suna da buƙata, kuma wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Damar da ya samu a 1982 ba kullum take zuwa ba. Bugu da ƙari, tsarin zaɓen Ayalan mutum ake zaɓa da sunansa, abin da ya sauƙaƙa wa irinsu hanya. Duk da haka darasin yana nan. Ba shekarunsa ne suka sa aka amince da shi ba, ba kuma rashin jam'iyya ba. An san shi a unguwa tun kafin ya nemi ƙuri'a, ya zo da buƙatu a rubuce, ya yi cinikinsa a fili, kuma da wahala ta zo wa masu talla, tare da su ya sha ta.

A ɗaya ɓangaren, mu a Nijar mun taɓa ganin wani irin zaman kai, kuma bai kamata mu manta ba. Marigayi Ibrahim Bare Mainasara ya karɓi mulki ranar 27 ga watan Janairun 1996, ya kuma tsaya takara a watan Yulin wannan shekara a matsayin mai zaman kansa. Ana cikin zaɓen aka rusa hukumar zaɓe aka kafa wata, aka bayyana shi ya ci. A watan Nuwamba, magoya bayansa da suka kira kansu masu zaman kansu a ƙarƙashin UNIRD suka kwashe kujera 59 cikin 83, bayan manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace. Shekara na zagayowa, a 1997, sai ga jam'iyyar RDP-Jama'a ta fito daga cikinsu. Ba muna tono wannan don cin mutuncin mamaci ba, Allah ya jiƙansa. Muna tunatarwa ne cewa kalmar mai zaman kansa riga ce da kowa ke iya sawa, har da wanda ke da dukan ƙarfin gwamnati a bayansa. Yanzu da aka rusa jam'iyyu, tsofaffin 'yan siyasa da masu kuɗi ba su ƙaura ba. Ba abin mamaki ba ne gobe su tura yaransu da sabuwar riga, yaro na magana, ubangida na riƙe da igiya.

Saboda haka ga mudun da muke ba 'yan kasuwa shawara su riƙe. Duk matashin da ya zo, a fara tambayarsa: ina kake daga 2015 zuwa 2019, lokacin da buhunan tattasai ke jibge ba mai saye? Ina kake da ruwa ya ci unguwannin bakin kogi? In yaro ne a lokacin, to me ya yi tun da ya girma, ko da rubuta wa 'yan gudun hijira takarda ne ko raka mai ƙara wurin hukuma? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sannan a tambaye shi: kuɗin motocin nan da hotunan nan, wa ya biya? Wanda ba ya iya faɗin mai ɗaukar nauyinsa a gaban jama'a, yana da jam'iyya, sunanta ne kawai bai faɗa ba. Daga nan a ce ya kawo alkawarinsa a takarda, a karanta da Hausa da Barbarci da Fulatanci a gaban shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin mata, ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kofi. Na ƙarshe, a san inda za a same shi bayan zaɓe, da ranar da zai riƙa dawowa ya ba da bayani.

Ita kuwa takardar, bai kamata a bar wa ɗan takara shi kaɗai ya rubuta ta ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A namu ganin, ga abin da bai kamata ya ɓace a cikinta ba. Duk lokacin da tsaro ya tilasta a hana wata sana'a ko a rufe kasuwa, a zauna da masu sana'ar tukuna, a faɗi wa'adi, a kuma tanadi abin da za su ci. A kafe kuɗin patanti da na rumfa da na tikiti a allo a ƙofar kasuwa, kada a karɓi ko dala ba rasit. A rage shingayen hanya da ke cinye ribar ɗan tireda kafin kaya su isa Damagaram. A gina maƙaran ruwa masu ƙarfi a bakin Kumadugu, a kuma nemi a riƙa sanar da manoma da wuri in ruwa na tafe, tunda kogin daga Hadeja da Jama'are yake samun ruwansa, kuma madatsun Tiga da Challawa da ke jihar Kano suna da tasiri a kansa. A samar da rumbunan ajiyar tattasai da bashin taki mai sauƙi, don kada manomi ya karyar da amfaninsa tun yana gona. Sannan a yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Man Agadem daga ƙasar wannan jiha yake fita, tun 2011 ake tace shi a Damagaram, tun 2024 kuma bututu ke kai shi gaɓar teku a Benin, kuma dokar man fetur ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shigarsa ga hukumomin yankin da ake haƙo shi. Wakilin kirki shi ne wanda zai riƙa tambaya kowace shekara nawa aka turo, me aka yi da su, ya zo ya faɗa a kasuwa.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba ɗan siyasa kaɗai ke ɓata siyasa ba. Shekara da shekaru mun saba ana zuwa mana da sabulu da turmin atamfa da buhun sukari, mu yi guɗa, mu dangwala. Wanda ya sayi ƙuri'arki da turmi ɗaya, iya, ya riga ya biya ki, ba ki da bakin binsa bashi har shekara biyar. Matashi mai gaskiya ba shi da turamen rabawa, kuma in kun jira ya raba, to kun tura shi hannun mai kuɗi da kanku. Matan da suka iya riƙe adashi shekara guda ba a ci amanar kowa ba, da 'yan kasuwar da ke haɗa kuɗi in gobara ta ci rumfar ɗan'uwa, ba za su kasa haɗa kuɗin man mota da na buga takarda ga wanda suka yarda da shi ba. Wanda kuka ɗauki nauyinsa, ku zai ji wa kunya. Kuma babu abin da ya hana wannan matashi ya kasance 'yarku ce, wadda ta tashi a gindin tiren uwarta ta kuma yi karatu.

Kada kuma a raina darajar ƙuri'ar kanta. A daren 12 ga watan Disamban 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, aka kai hari Toumour, aka kashe mutane sama da ashirin, aka ƙona kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Abin da mutanen wannan jiha suka biya da jini ba na musanyawa da sabulu ba ne.

Muna kira ga hukumomin riƙon ƙwarya da duk waɗanda za a ɗora wa rubuta sabuwar dokar zaɓe da su buɗe ƙofa ga mai zaman kansa da gaske. A bar mutum ya tsaya da sunansa, musamman a zaɓen kansiloli, a sa kuɗin ajiya daidai ƙarfin malamin makaranta ko ɗan tireda, a kuma tilasta wa kowane ɗan takara bayyana inda ya samu kuɗinsa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta rage shekarun tsayawa takara a 2018, ta mai da na ɗan majalisar wakilai 25 daga 30, amma ba ta ba mai zaman kansa dama ba, don haka matashi ya ci gaba da durƙusa wa iyayen jam'iyya kafin ya samu tikiti. Kada mu maimaita wannan.

Ga samarin da ke da niyya kuwa, shawararmu gajeriya ce. Kada ku jira a buga gangar zaɓe. Kasuwa na ci, kogi na cika kowace damina, 'yan gudun hijira na nan a gefen hanya, kuma masu buƙatar wanda zai rubuta musu koke ko ya tsaya musu a ofis ba su ƙare ba. Wanda aka gani a nan yau, ba sai ya yi dogon bayani gobe ba. Allah ya zaunar da jihar Diffa da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kuma ba mu wakilai masu jin kunyarmu. Amin.